Amsa ga ƙanena mai son in ba shi hayar gidana a Birmingham

Assalamu alaikum, ƙanena. Na ji saƙon muryarka, kuma na yi murna ƙwarai da gurbin digiri na biyu da ka samu a nan Birmingham. Allah ya sa albarka. Abu biyu ka roƙa: in sallami mutanen da ke haya a ɗaya gidan nawa ka shiga, ka fara biya idan ka samu aiki, sannan in rubuta takarda cewa ni zan ba ka masauki, don kada ofishin biza ya nemi ka nuna kuɗin zama. Duka biyun ba za su yiwu ba. Amma akwai ɗaki a gidan da nake ciki, kuma naka ne idan ka yarda da sharuɗɗan da zan faɗa. Na zaɓi in rubuta ne maimakon kira, saboda a waya kunya za ta sa in yi ta kwana-kwana, kai kuma ka kashe waya kana zaton na amince.

Bari in fara da takardar, don ita ce mai sauƙi. Hukumar shige da fice ta Birtaniya ba ruwanta da cewa yayanka yana da gida. Ɗalibin da zai yi karatu a wajen Landan dole ya nuna kuɗin zama na wata tara, ban da kuɗin makaranta. A Janairun 2025 an mai da adadin fam 1,136 a wata, wato fam 10,224 ke nan, na Landan kuma fam 1,483 a wata. An sake ɗaga shi bayan nan, don haka ka duba shafin gwamnati a makon da za ka cike takardu. Kuɗin sai sun kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun sauka ƙasa da adadin ba ko da na yini ɗaya. Abin da kawai ake ragewa daga ciki shi ne kuɗin ɗakin kwana da ka riga ka biya wa jami'a ita kanta, shi ma da iyakarsa. Ko da zan rantse da Alƙur'ani cewa kyauta za ka zauna a wurina, sisi ba za a rage maka ba. Ga kuma kuɗin kiwon lafiya, fam 776 a shekara ga ɗalibi, da ake biya tun wajen neman bizar.

Yanzu maganar gida. A can ana cewa "Yaya yana da gida biyu a Ingila", kuma na san yadda maganar take sauka a kunne. Gaskiyar ita ce wancan gidan ni da banki ne muke da shi. Na saye shi ta tsarin musharaka don gudun riba: banki yana da kasonsa, ina biyansa haya a kan kason duk wata. Ka ga ni ma ɗan haya ne, sai dai mai gidana ba ya jin "a yi haƙuri zuwa wata mai zuwa". Yarjejeniyar da na sa wa hannu irin ta gidan da aka saya don haya ce, kuma an rubuta ƙarara cewa ba ni ba, ba iyalina na kusa ba, a zama cikinsa. A ƙa'idar hukumar da ke sa ido kan bankuna a nan, na kusa su ne mata ko miji, iyaye, kakanni, 'ya'ya, jikoki, da wa ko ƙane ko 'yar'uwa. Kana cikin jerin. Gidan da ɗan'uwa zai zauna a ciki wani nau'in bashi ne daban, mai nasa dokoki, kuma bankunan da ke bayar da shi ba su da yawa. Idan na saka ka a ɓoye na karya alkawari, banki na iya neman kuɗinsa gaba ɗaya, kamfanin inshora kuma na iya ƙin biya ranar da wani abu ya faru.

Ko da babu banki, mutanen da ke ciki ba kaya ba ne da za a kwashe. Magidanci ne da matarsa da yara, yaran suna makarantar unguwar, kuma bai taɓa makara da biya ba. A Kano mai gida kan aika dillali ya ce "Alhaji yana bukatar gidansa", a ba mutum wata uku ya nemi wani wuri. A nan, a ƙarƙashin dokar 1977, korar ɗan haya ba ta hanyar kotu ba laifi ne, ko da sauya makulli ne kawai ka yi. Sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya da aka zartar a 2025 ta soke tsohuwar hanyar sallamar mutum ba tare da faɗin dalili ba. Ta bar wa mai gida damar karɓar gidansa idan shi ko ɗan'uwansa na kusa zai shiga, amma da sanarwar wata huɗu, kuma ba a cikin shekarar farko ta haya ba. To, in tashi iyali guda saboda karatun shekara ɗaya? Ba zan iya ba, kuma kai ma da ka gan su ba za ka so ba.

Sai lissafin da ba ka yi ba. Hayar gidan fam 950 ce a wata, ban da wuta da gas da ruwa da intanet. Bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a mako lokacin da makaranta ke buɗe. A mafi ƙarancin albashin da aka sa a Afrilun 2025, fam 12.21 a awa, fam 244 ke nan a mako, idan ka samu aikin kuma suka ba ka awannin cif. Haya kaɗai ta kusa cinye albashin watan gaba ɗaya, ba ka ci abinci ba, ba ka hau bas ba. Tallafin haya na gwamnati kuwa an haramta wa mai bizar ɗalibi. Za ka ce to in rage maka. Hukumar haraji ta HMRC ta san wannan wasan: wanda ya ba ɗan'uwansa haya ƙasa da farashin kasuwa ba zai cire kuɗin da ya kashe wa gidan fiye da hayar da ya karɓa ba, asarar da ta biyo baya tasa ce shi kaɗai. Kuma hidimar gidan ba ta raguwa don ɗan hayar ƙanena ne. Dole ma'aikaci mai lasisi ya duba gas duk shekara, a duba wayoyin lantarki duk shekara biyar, a sa na'urar jin hayaƙi a kowane bene. Kuɗin ajiya da ɗan haya ke bayarwa lokacin shiga gida, wanda ba ya wuce hayar mako biyar, dole a kai shi ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30. Tun 2023 ma ƙaramar hukumar Birmingham ta wajabta lasisin ba da haya a unguwanni da dama.

Duk waɗannan dokoki ne, kuma da su kaɗai ne da na nemi dabara. Abin da ya fi damuna shi ne abin da na gani da idona. Akwai wani bawan Allah da muke sallar Juma'a tare, ya ba ɗan baffansa gida da baki kawai, ba takarda. Watannin farko lafiya lau. Da aiki ya tsaya, biya ya tsaya, mai gidan ya kasa buɗe baki ya tambaya, ɗan hayar kuma ya fara kauce masa a masallaci. Bashi ya taru, banki ya fara aiko da wasiƙu. Ranar da ya yi magana, kafin magariba labari ya isa Zariya cewa wane zai jefa ɗan'uwansa kan titi cikin sanyin Turai. Babu wanda ya tambayi nawa ake binsa. Sai da aka je kotu, kuma har yau iyayensu mata ba sa zuwa bikin juna. Babu mugu a cikinsu. Shi mai gida yana ganin haya ya bayar, shi ɗan baffa yana ganin taimako aka yi masa, kuma ba wanda ya taɓa furta abin da ke ransa. Baƙo idan ya makara da biya, wasiƙa zan tura masa in yi barcina. Kai idan ka makara, Hajiya ce za ta kira ni, kuma ka san ba zan iya yi mata musu ba.

Ga abin da zan iya. Ɗakin sama na baya a gidanmu, da gado da tebur da kabad. Na yi shawara da antinka kafin in rubuto, ta amince, kuma ka riƙe a ranka cewa gidanta ne. Za ka riƙa biyan fam 350 a wata, ya haɗa da wuta da ɗumama ɗaki da intanet da abincin dare. Watanni biyu na farko kyauta ne, kyauta ta gaske, ba bashi ba, don ka samu ka zauna da gindinka. Daga na uku, ranar ɗaya ga wata, ta banki, ba hannu da hannu ba. Wannan tsarin ya fi min sauƙi a hukumance: wanda ya ba da hayar ɗaki mai kaya a gidan da yake zaune ba ya biyan haraji a kan fam 7,500 na farko a shekara. Harajin ƙaramar hukuma ba zai ƙaru ba, domin ba a lissafa cikakken ɗalibi a ciki. Takardar shaida kawai za ka karɓo daga jami'a.

Za mu rubuta, mu sa hannu. Na san za ka ji wani iri, kamar ban yarda da kai ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, kuma ba ta ware 'yan'uwa ba. A takardar za a sa adadin kuɗi, ranar biya, abin da za a yi idan wata ya zo ba ka da shi, wato ka faɗa mini kafin ranar, ba bayanta ba, da sanarwar wata guda idan ɗayanmu yana son a rabu. Za a sa maganar baƙi ma. Abokan karatu su zo su gaisa, amma ba kwana, ba kuma cewa "wani ɗan garinmu ya sauka ba shi da wurin zuwa" ba tare da an tambaye ni ba. Ba rowa ba ce. Tun 2016 duk mai ba da haya a Ingila, har da mai ɗaki ɗaya, dole ya tabbatar wanda ya saka yana da izinin zama a ƙasar, kuma tarar ta kai dubban fam a kan mutum guda. Kai kanka sai ka ciro lambar tantancewa daga asusun bizarka na intanet ka ba ni na duba kafin ka ajiye jaka.

Idan kuma ka fi son 'yancinka, ban ga laifinka ba. Saurayi ne kai, gidanmu kuwa akwai hayaniyar yara kuma ana rufe ƙofa da wuri. Ka nemi ɗaki a gidan ɗalibai kusa da makaranta. Masu gidaje za su nemi wanda zai tsaya maka, mazaunin ƙasar mai albashi, kuma nan ne yawancin ɗalibanmu suke maƙalewa. Zan tsaya maka, bisa sharaɗin in karanta yarjejeniyar tukuna, domin wasu an rubuta su ne ta yadda idan abokin zamanka ya gudu da bashi, ni za a kama. Kada kuma ka tura wa kowa kuɗin ɗaki daga Najeriya saboda hoton da ka gani a Facebook. Turo mini adireshin, zan je in gani da idona.

Ka yi tunani ka ba ni amsa kafin ƙarshen wata, don in san ko zan kwashe kayan da ke ɗakin. Maganar wancan gidan kuma kada ka kai wa Hajiya, bar ni da ita, zan kira ta ranar Juma'a in yi mata bayani da kaina. Ka gaishe da su Baba Ƙarami da sauran mutanen gida.

Yayanka.