Yaya za a mai da tsohon wasan daɓe fim na zamani?

Malam, ka ce kana son ɗauko tsohon wasan kwaikwayo ka dasa shi a Maradin yau. Fara da gano abin da ya haɗa rigimar. In wasiƙa ce ta makara, salula za ta kashe maka labarin cikin minti ɗaya, sai ka nemo wani dalilin da ɗan kallo zai yarda da shi.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne doguwar magana. A daɓe dole ce, amma kyamara na ganin hannun uwa yana rawa kan lefe. Na fi son wannan wallahi. Canza doki da kabu-kabu kaɗai bai isa ba.

In marubucin na raye, ko magadansa, tuntuɓi BNDA, hukumar kare haƙƙin marubuta da masu fasaha ta Nijar, a Yamai kan haƙƙin mallaka kafin ka fara ɗauka.