Amsa: Yadda narkewar ƙanƙara ta dawo da sanyi

Malam, ka tambaya cewa tunda ɗumi ne ke narkar da ƙanƙara, ta yaya narkewar za ta sake jawo sanyi? To, sirrin yana wurin gishiri.

A Tekun Atalantika akwai igiyar ruwa mai ɗauko ɗumi daga yankuna masu zafi zuwa arewa. Idan ruwan ya kai wajajen Girinlan, babban tsibirin ƙanƙara da ke can arewa, sai ya saki zafinsa a iska. Ga sanyi ga gishiri, sai ya yi nauyi ya nutse ƙasa, ya juyo kudu. Nutsewar nan ce ke janyo sabon ruwan ɗumi a baya. Shi kuwa ruwan ƙanƙara babu gishiri a cikinsa. In ya kwararo da yawa, sai ya kwanta a sama kamar manja a kan miya, ya ƙi nutsewa, igiyar ta yi rauni, ɗumin da take kaiwa arewa ya ragu, sai sanyi ya dawo.

Kimanin shekara 12,900 da suka wuce, duniya tana fita daga zamanin ƙanƙara, kwatsam sanyi ya dawo wa Turai har wajen shekara 1,200. Masana da yawa suna ɗora laifin kan Tafkin Agassiz, wani makeken tafkin narkakkiyar ƙanƙara a Arewacin Amurka, wanda ya ɓalle zuwa teku. Ni ma wannan bayanin ya fi kwanta mini.

Mu ma a wancan lokacin abin bai bar mu ba: damina ta ja kudu, fari ya tsananta a Sahel.