Amsa: Fuzileers da Fusiliers, runduna ɗaya ce ko biyu?

Wa alaikumus salam. Malam, ka tambaya ko "Fuzileers" da "Fusiliers", ko "Argyleshire" da "Argyllshire" da kake gani a tsofaffin takardun sojan Birtaniya rundunoni ne daban-daban. A'a, duk abu guda ne. A ƙarni na 18 akawun soja da masu buga takardu ba su da tsayayyar ƙa'ida, kowa yadda hannunsa ya saba haka yake rubutawa. Saboda haka kada haruffa su ɗauke maka hankali. Lambar runduna da shekarar takardar su za ka riƙe, kuma tare za ka riƙe su.

Ɗauki runduna ta 21. Earl na Mar, wani basaraken Sikotlan, shi ya kafa ta a 1678, kuma a wancan zamani da sunan kanar ɗinta ake kiran runduna, kanar ya canja suna ya canja. Bayan haɗewar Sikotlan da Ingila a 1707 gwamnati ta koma cewa "North British" maimakon "Scots", shi ya sa za ka ga Royal North British Fuzileers, wani wuri Fusileers, wani wuri Fuziliers. A 1751 aka tsayar da kiran rundunoni da lamba. "Scots" bai dawo cikin sunanta ba sai 1877. Haka abin ya faru da mahaya dawakin nan na Scots Greys, waɗanda a hukumance Royal North British Dragoons ne har zuwa wannan shekarar, ko da yake jaridu kan rubuta Scotch Greys.

Amma fa ita ma lambar tana motsi. Black Watch, wata rundunar Sikotlan, ta fara ne a matsayin ta 43, sai a 1749 ta zama ta 42. Rundunar Argyll da aka kafa a 1794 ta 98 ce kafin ta koma ta 91. A 1881 aka haɗa ta da ta 93, wato Sutherland Highlanders, aka fara sa Sutherland a gaba a sabon sunan, a 1882 aka juya ya zama Argyll and Sutherland Highlanders.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne Cameronians da Cameron Highlanders. Nan ba bambancin rubutu ba ne, rundunoni biyu ne da ba su haɗa komai ba. Ta farko ita ce ta 26, an kafa ta a 1689. Ta biyu ta 79 ce, Alan Cameron na Erracht ya tara ta a 1793, kuma abin da ke ƙara rikita lissafi, sunanta na fari Cameronian Volunteers. In ba ka duba lamba ba, sai ka ɗora tarihin wannan a kan wancan.

Wajen bincike a intanet, a shafukan da ke karɓar alamar tauraro, yi amfani da ita: Argyl* zai kawo maka rubutun biyu. Gwada kuma "Fufiliers", domin tsohon bugu yana da doguwar s mai kama da f, kwamfuta kuwa f take karantawa. A ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan, jerin WO 12 na ɗauke da rajistar ƙirgen sojoji da albashinsu, WO 97 kuma takardun waɗanda aka sallama da fansho. Daga tsakiyar ƙarni na 18, sunan hukuma na kowace shekara yana cikin Army List, kundin da ke jera hafsoshi da rundunoninsu.

Wannan matsala ta taɓa namu tarihin ma. Black Watch ta yi yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, inda sojojin Hausawa suka yi faɗa a ɓangare ɗaya da ita. A takardun lokacin "Ashantee" da "Houssa" aka rubuta, wanda ya nemi "Hausa" kaɗai zai rasa yawancinsu.

In za ka kwafo suna cikin rubutunka, bar shi yadda yake a takardar asali, kada ka gyara, sannan ka sa lamba da shekara a gefensa.