Kwana uku a Abisko za su isa?

Malam, ka tambaya ko kwana uku za su ishe ka yawon ƙafa a Abisko, can arewacin Suwidin. Za su isa, muddin ba ka ɗora wa kanka dukan Kungsleden ba, wato doguwar hanyar masu yawon ƙafa da ta faro daga Abisko, don ta haura kilomita 400. Ka hau jirgin ƙasa na dare daga Stockholm zuwa Abisko, daga nan ka taka zuwa bukkar matafiya ta Abiskojaure, wajen kilomita 14, ka kwana ka dawo. Rana ta uku ka yi yawo a bakin tafkin Torneträsk.

Ni dai shawarata ka je ƙarshen Agusta. A Yuli sauro ya yi yawa, a Yuni kuma rana ba ta faɗuwa sam, lissafin lokutan salla zai ba ka wahala. Kada ka manta da rigar ruwa.