Amsoshin Tambayoyinku: Sufana, Waya da Dalmar Kasuwa a Aikin Gyaran Jirgi

Saƙonni sun taru kwana biyu, yawancinsu daga yaran da ke karatun gyaran jirgi a kwalejin jiragen sama ta nan Zariya, sai kuma iyayensu. Bari mu ɗauka ɗaya bayan ɗaya, wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri.

Wata uwa daga Tudun Wada ta ce ɗanta ya samu shiga sashen gyaran jirgi, ta ga wani ƙaton akwatin kayan aiki a kasuwar Sabon Gari mai sufana da soket fiye da ɗari, tana so ta ɗauki kuɗin adashinta ta saya masa, amma gabanta na faɗuwa kar a cuce ta.

Hajiya, Allah ya sanya albarka, Allah ya sa ki ci moriyarsa. Faɗuwar gaban nan taki gaskiya ta gaya miki, ki riƙe kuɗinki tukuna. Akwatunan nan na 'yan gareji ne, awonsu milimita ne irin na Toyota da Honda, jirage kuwa da yawansu, musamman ƙirar Amurka irin su Boeing da Cessna da Beechcraft, notinansu da inci ake auna su, 3/8, 7/16, 1/2. Sufana mai lamba 11 zata shiga kan noti 7/16 kamar ta zauna, amma ba nata bane, in ƙarfen ma mai laushi ne sai ta cinye kan notin. Kuma cikin ɗarin nan wallahi da ƙyar zai taɓa ashirin. Kwalejin nan tun 1964 aka kafa ta, tana da wurin koyon aikinta, ki bari ya shiga ya ga abinda malamansa suka ce ya kawo. In ya zama dole, sufana na inci jeri ɗaya, sukudireba mai kan tauraro lamba 2, filayar yanka waya, ƙaramin madubi mai hannu da tocila mai kyau sun ishe shi farawa. Sufanar nan mai auna ƙarfin ɗauri kar ma ki kusance ta, ita sai an riƙa kaita ana gwada daidaitonta lokaci lokaci ana manna mata takarda, ta wurin aiki ake amfani da ita, ba ta aljihu ba.

Wani kuma yana tambaya ko testa ɗin nan mai ƙwan fitila da masu wayarin ke saƙalawa a aljihu zata yi masa a jirgi.

Ba zata yi ba. Yawancin wutar ƙananan jirage 14 ne ko 28 bolt, ƙwan testa ko motsi ba zai yi ba a nan, sai kace babu wuta alhali tana nan. Ka sayi mitar gwada wuta ta hannu. In kuma aka miƙo maka mai tambarin Fluke da kuɗin da bai kai na ƙaramar wayar tocila ba, ka ajiye masa abinsa ka yi gaba.

Yanzu ga wadda ta hana ni sakat. Wani ɗalibi daga Palladan ya ce ya sayi dalma da ƙullin waya a kasuwa don ya riƙa gwada liƙi a ɗaki, dalmar bata narkewa da wuri, in ta narke kuma sai ta daskare fari fat kamar toka. Sai ya ƙara da cewa wai in ya samu mai kyau, zai iya ɗan amfani da ita in ƙaramin gyara ya taso a jirgi lokacin da ya je koyon aiki?

Ɗana, rabin farko na tambayarka mai sauƙi ne. Dalmar liƙin lantarki ta gaske haɗi ce, kuza kashi 63 dalma kashi 37, tana narkewa a digiri 183, ko kuma 60 da 40, kuma in ka yi daidai zaka ga wurin ya yi sumul yana sheƙi. Kuza ita ce mai tsada, shi yasa masu jabu suke rage ta su cika da dalma zalla su rubuta 60/40 a jikin kwalin, kai kuma kana ta zargin hannunka. Mai ɓargon ƙaro a ciki zaka nema. Man liƙin nan mai asid da masu gyaran lagireto ke shafawa kar ya taɓa wayarka, zai liƙe yau, bayan wata biyu ka tarar ya cinye jan ƙarfen ya koma kore. Wayar ma ka kankare silin ɗaya da wuƙa ka gani, in cikin ya fito fari to alminiyam ne aka yi wa wankan jan ƙarfe, ta cika kasuwa yanzu, tana zafi da wuri tana karyewa da wuri.

Rabi na biyun ne ya ɓata min rai. A'a. Ko inci ɗaya na wayar kasuwa baya hawa jirgi, ko da ta gaske ce, ko da daga Jamus aka kawo ta. Wayar gida da ta mota rigarta roba ce ta PVC, in ta kama wuta hayaƙinta guba ne, kuma a sama babu inda zaka buɗe taga ka sha iska. Ta jirgi irin su M22759 rigarta daban, tana jure zafin digiri 150 ko fiye, an buga lambarta a jikinta, kuma tana zuwa da takardar da ke nuna daga inda ta fito. Duk wani noti da washa da kan waya haka ne, sai da takardar shaida, manyan kaya kuma fom 8130-3 na Amurka ko fom 1 na Turai. Ba tsirfa bace. A 1989 jirgin Partnair ya tarwatse a sama kusa da gaɓar Denmak, mutum 55 suka mutu, bincike ya gano kusoshin da ke riƙe da wutsiyarsa jabu ne. A 1998 na Swissair mai lamba 111 ya faɗa teku kusa da Kanada da mutum 229, wuta ce ta tashi a rufin gaba, kuma masu bincike sun danganta ta da tartsatsin waya da ya kama abin da aka shimfiɗa na tare zafi. A 2023 ma an bankaɗo wani kamfani a Landan, AOG Technics, yana sayar da kayan injin CFM56 da takardun bogi, ka ga in masu takarda ma sai an bi su da ido, ina ga mai rumfa da zai rantse maka cewa "orijina ce Oga". Mu nan mun saba, fis ya ƙone a naɗa silin waya a mayar, a murɗa waya biyu da haƙori a naɗe da salatif a ce Allah ya kiyaye, kuma wannan halin na "zai yi maneji" shi nake tsoro ya bi yaro har cikin hanga, rumfar gyaran jirgi, fiye da rashin ilimi. Jahili zai tambaya. Mai maneji baya tambaya.

Kuma ka sani, liƙin ma ba shi ne babba a wayarin jirgi ba. Yawancin kawunan waya matse su ake yi da filaya ta musamman wadda bata sakin baki sai ta kai ƙarshe, saboda dalma tana bin cikin silin waya ta sandarar da ita, girgizar jirgi kuma daidai nan take karya ta. Kai ja na waya mai lamba 22 zuwa 18 ne, shuɗi 16 zuwa 14, ruwan ɗorawa 12 zuwa 10, kuma lamba na ƙara girma waya na ƙara sirancewa. Ka haddace wannan. Wayar kasuwar ka ci gaba da gwaji da ita a kan teburinka, can ne iyakarta.

Wani bawan Allah daga Samaru ya ce ya daɗe yana wayarin gidaje, ko zai iya komawa na jirgi ba sai ya shiga aji ba?

Malam, hannunka zai taimake ka, dokar Ohm ma ita ce dai bata canja ba. Amma babu mai sa hannu a kan aikin jirgi a ƙasar nan sai da lasin NCAA, hukumar kula da harkar jiragen sama, shi kuma sai karatu da jarrabawa da shekarun aiki ƙarƙashin mai lasin. Sannan akwai abinda zaka sake koyo, wutar NEPA 50 take bugawa a daƙiƙa, ta manyan jirage bolt 115 ce mai bugu 400 don taransifoma da injinan lantarki su zama ƙanana marasa nauyi, kuma a jirgi mai gangar ƙarfe jikinsa ne hanyar da wuta ke komawa. In ka tashi cire batir ka fara da na nagetif, zobe da agogo kuma a aljihu. Shekaru ba matsala bane, ka je ka tambayi sharuɗɗan shiga da kanka, kar ka ba wani ɗan tsakiya ko sisi.

Na ƙarshe, wai in babu wuta ko zai iya gasa ƙarfen liƙi a kan gawayi kamar masu gyaran rediyo na da?

Haba ƙanena. Gawayi baya sanin digiri nawa ya kai, zaka ƙone rigar wayar ka ƙone ƙaron kafin dalma ta gudana. Ka nemi ƙaramin ƙarfen liƙi na lantarki mai wat 30 zuwa 40, in da hali mai maɓallin rage zafi, ka haɗa kuɗi da abokan ɗakinka ku riƙa zuwa wurin mai cajin waya da ke da sola. Mai gas ɗin nan ma yana yi a ɗaki, amma kar in ji ka shiga da shi inda jirgi ke tsaye da mai a tanki.