Amsa: Sayen kundin kammala digiri

Ɗan'uwa, ka ce lokaci ya ƙure maka, kana so ka sayi tsohon kundi a shagon kwamfuta ka canza suna da shekara. Don Allah kada ka yi.

Jami'o'i da yawa yanzu suna saka kundi a manhajar Turnitin, wadda ke gwada rubutunka da abin da ke intanet da ayyukan ɗaliban baya. Ko ka tsallake wannan, ranar kare kundi malamin da aka gayyato daga wata jami'a zai tambaye ka yadda ka tattara bayananka, kuma wanda bai yi aikin ba nan take ake gane shi. Abin ma ba ya ƙarewa da karɓar shaida. A 2011 Jami'ar Bayreuth ta Jamus ta ƙwace digirin dakta na ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg saboda satar rubutu, har ya sauka daga muƙaminsa.

Gobe ka je wurin malamin da ke duba aikinka, ka faɗa masa gaskiya, ku rage faɗin maudu'in. Duk jimlar da ka ɗauko, ka ambaci mai ita da shekarar bugawa. Allah ya ba da sa'a.