Amsa ga ɗan'uwan da ke son sayen Corvette ta 1978

Salamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa, tun bayan sallar asuba na ga tambayarka. Na so in wuce in bar wa waɗanda suka fi ni sanin mota, amma zuciyata ta ƙi. Ka ce ka samu mota Corvette ƙirar 1978 a wajen wani mutum a garin Fresno na jihar Kalifoniya, nan Amurka, ya gaya maka an taɓa canja mata inji, kuma zai rage maka kuɗi sosai in ka yarda ka ɗauke masa ɗawainiyar gwajin hayaƙi. Kana tambaya ko ka shiga. Ina karantawa gabana ya faɗi, domin irin wannan zaƙin bakin ne ya ci ni, kuma har yau in na tuna sai na ji abinci ya fita daga raina.

Kar ka ba shi ko sisi tukuna. Na faɗi wannan tun farko don kar ka gaji da surutuna ka tafi ba ka gani ba.

Tawa ba Corvette ba ce, Datsun 280Z ce. Mu da muka tashi muna ganin Datsun 120Y tana aikin tasi a gida, ba mu taɓa sanin kamfanin yana da mota irin wannan ba, mai dogon hanci, mai kujera biyu, sai da muka zo ƙasar nan. Shekara da shekaru ina mafarkinta. Ran nan na ga talla, na tuƙa awa biyu da wani abu na je. Mai motar dattijo ne, kansa fari fat, garejinsa tsaf kamar ɗakin amarya, kowane sifana a rataye a mazauninsa. Ya ba ni kujera, ya ba ni kofi, ya tambaye ni ƙasarmu, har ya ce yana da aboki ɗan Afirka a wurin aikinsa na da. Ya buɗe bonet, sai ga kafireta uku na kamfanin Weber a jere suna ƙyalli. Ya tayar da ita. Jama'a, wannan ƙarar! A nan hankalina ya tafi, ban sake ganinsa ba sai bayan kwana tara.

Na dai tambaye shi maganar gwaji, kar ku ce ban tambaya ba. Sai ya yi murmushi, ya buɗe ƙofar direba, ya nuna mini ɗan farantin ƙarfen da ke jikin ginshiƙin ƙofa. An buga 10/75. Ya ce, ka gani, 1975 ce, babu ruwanta da gwaji har abada. Kun dai san ƙa'idar Kalifoniya: mai fetur daga 1975 zuwa baya an yafe mata, tsohuwar mota kuwa daga 1976 zuwa gaba sai ta je duk bayan shekara biyu, haka kuma duk lokacin da za a sayar da ita. Ni ma na sani. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, shekarar da doka take kallo ita ce shekarar samfuri, ba watan da aka haɗa motar a masana'anta ba. Kamfanonin mota suna fara ƙera samfurin shekara mai zuwa tun kafin shekarar ta kama. Motar da aka haɗa a watan Oktoban 1975 samfurin 1976 ce.

Kuma ya sani. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Mutumin da ya riƙe mota shekaru masu yawa, ya yi mata rajistar ajiya, wato wadda ake sanar da hukuma cewa ba za a hau titi da ita ba, ya san dalilin da ya sa ya ajiye ta. Da ya miƙo mini takardar mallaka, babban yatsansa yana daidai wurin da aka rubuta shekarar samfuri, yana nuna mini ɗaya gurbin, na shekarar da aka fara sayar da ita, inda aka rubuta 1975. A lokacin ban ɗauki wannan yatsan a bakin komai ba. Yanzu kuwa ko ido na rufe ina ganinsa, har da ɗan baƙin mai a ƙarƙashin farce. Na ƙirga masa kuɗina a kan teburin aikinsa, kuɗin da na yi shekara uku ina tarawa ina aikin dare, ya sake ƙirgawa a hankali, ya ce in kula masa da ita kamar 'ya. Kamar 'ya! Har ya tsaya a bakin titi yana ɗaga mini hannu.

Da na je ofishin DMV, wato hukumar rajistar motoci, don mayar da suna, matar da ke wurin ta tambaye ni takardar gwajin hayaƙi. Na ce mata cikin isa, ai 1975 ce. Ba ta yi musu da ni ba. Ta juyo da takardar, ta ɗora bakin biro a kan gurbin, ta yi shiru. 1976. Bayana akwai layi, ni kuma na tsaya kamar an dasa ni. Ita aikinta ta yi, har ma ta yi mini bayanin yadda zan samu izinin fitar da motar zuwa wurin gwaji.

Wurin gwajin kuwa ko minti biyar ba a yi ba. Yaron ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya durƙusa ya haska ƙarƙashi da tocila, ya miƙe ya ce kar in ɓata kuɗina, ba za ta wuce ba. Na ce ai ba ta hayaƙi, ka saurari injin. Ya ce ba maganar hayaƙi ba ce tukuna. Ɗan'uwa, wannan shi ne abin da mutanenmu ba sa ganewa, don Allah ka riƙe shi. Gwajin tsofaffin motocin nan ba sa bututu a salansa kaɗai ba ne. Da farko da ido ake dubawa, a ga ko duk kayan rage hayaƙin da motar ta fito da su daga kamfani suna nan a haɗe. Sannan a gwada ko suna aiki, a duba saitin wuta, a gwada murfin tanki da hanyoyin tururin mai. Bayan nan ne ake auna abin da ke fita ta salansa, a manyan birane ma sai an hau da ita kan nadi ana tuƙawa a gudun mil 15 da mil 25. Ko da hayaƙinka ya fi iskar asuba tsabta, in an cire abu ɗaya, ka faɗi. Ita kuwa 280Z da injekta ta fito, tsarin Bosch, ba da kafireta ba. Wato waɗannan Weber ukun da suka sace mini zuciya su ne laifin farko. Indomi, kamar yadda bakanikenmu na gida ke kiran abin tace hayaƙin nan na cikin salansa, babu shi. Gwangwanin gawayin da ke kama tururin mai, babu shi. An toshe ramuka da kusoshi an shafe da fenti.

Na kira dattijon daga bakin wurin. Ya ɗauka, ya ce shi fa ya sayar da mota yadda take, kuma na sa hannu. Na ce amma kai ka ce mini 1975 ce. Ya ce shi faranti ya nuna mini, ni na karanta. Kun ji fa. Kira na biyu bai ɗauka ba. Na goma ma haka. Ranar Asabar na sake tuƙa awa biyun nan, na buga ƙofa, wani saurayi ya leƙo ya ce baban ba ya nan, alhali ina hango ƙeyarsa ta tagar kicin. Na tsaya a farfajiyar nan ina rawar jiki, sai na tuna ƙasar da nake da kuma launin fatata, na ja ƙafata na koma mota. A hanya sai da na tsaya a gefen titi. Ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye, ni da gemuna. Allah ya isa ban yafe ba, kuma masu cewa in yi haƙuri tsoho ne, tsufa bai hana shi ƙirga kuɗi daidai ba.

Daga baya ne na fahimci cewa doka a kan mai sayarwa ta ɗora nauyin kawo takardar gwaji, kuma takardar ba ta wuce kwana 90. Rubuta "yadda take" a guntuwar takarda bai sauke masa wannan nauyin ba. Wasu 'yan'uwa sun ce in kai shi kotun ƙananan ƙararraki. Ban je ba, aiki ya yi mini yawa, ga kunya, ga tunanin me zan ce wa alƙali, ni da na karanta takarda da idona. Yau ina da-na-sanin rashin zuwan. To ka ga mutuminka na Fresno da yake cewa zai rage maka kuɗi, ba alheri yake maka ba. Nauyinsa yake sayar maka. Da motar za ta wuce gwaji, da kuɗi kaɗan zai kashe ya karɓo takarda ya sayar da ita da tsada. Ka tambayi kanka me ya hana shi.

Wata goma sha huɗu motar nan ta yi a gareji, motar maman yara tana kwana a waje. Ba ta taɓa yi mini gori da baki ba, baiwar Allah, sai dai duk sanda za ta ɗauko shinkafa daga firizar gareji sai ta ja dogon numfashi ta ratsa ta gefe. Da ma zagina ta yi. Yara kuwa suka sa mata suna motar Baba mai barci.

Na bi yadin tsofaffin motoci, na bi masu sayar da kaya a intanet. Sai da na haɗa komai daga tushe: bututun shigar iska, injekta shida, ma'aunin iska, ƙwaƙwalwar injin, wayoyinta, famfon mai mai ƙarfi. A ƙarshe gawar wata 280Z na saya sukutum don in ciro kayan. Indomi kuma ba kowanne ake karɓa ba a jihar nan, sai wanda CARB, hukumar kula da tsabtar iska ta jihar, ta amince da shi, mai lamba a buge a jiki, kuma mai gwaji zai duba lambar. Bayan duk wannan na je na faɗi, wai tana shan mai fiye da kima. Sati uku muna nema ni da wani bakanike ɗan Meziko, mutumin kirki, Allah ya shirye shi. Ashe wani ɗan soket ne na na'urar auna zafin ruwa, bai kai kan yatsa ba, ya yi tsatsa kore shar, yana gaya wa ƙwaƙwalwar cewa injin a sanyaye yake, ita kuma tana ta ƙara mai. Da burushin haƙori muka wanke shi. Ranar da ta wuce gwaji ban yi murna ba, gajiya kawai na ji.

Taka ma ta fi tawa haɗari, saboda maganar canjin inji. A Kalifoniya injin da aka saka dole ya zama na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, da dukkan kayan hayaƙinsa, kuma sai alƙalin gwaji na BAR, hukumar jihar mai kula da gyaran motoci da gwajin hayaƙi, ya duba ya manna mata takardar shaida. Ka ce ya nuna maka wannan takardar a jikin motar. In ya fara kame-kame, ka sha ruwanka ka yi sallama. In kuma irin injinta na asali aka mayar, mai silinda takwas ɗin nan, to ka duba takardar da kamfani ya manna a ƙarƙashin bonet, ita ke faɗin kayan da ya kamata a gani, da kuma ko motar ta Kalifoniya ce ko ta sauran jihohi. Masu Corvette na shekarun nan sun cika cire indomi su sa salansa biyu don ƙara, su cire famfon iska su jefar. Ka durƙusa da kanka ka leƙa. Ka kuma karɓi lambar jikin motar ka shiga shafin BAR, tarihin gwajinta yana nan kyauta, za ka ga yaushe rabonta da wucewa.

Kuma don Allah kar wani ya zo ƙarƙashin rubutun nan ya ce ya san wani mai gareji da zai gyara maganar. Na san abin da kuke nufi. An yi mini tayin ni ma, na kuma yi kwana biyu ina juya shi a raina, ba zan yi muku ƙarya ba. Laifi ne babba, kuma da yawanmu takardun zamanmu ba su gama nuna ba. Saboda tsohuwar mota mutum ya jawo wa iyalinsa? Haka masu cewa a yi rajista a jihar Montana don a kauce wa gwaji. Kai da motar kuna kwana a Kalifoniya, ranar da aka yi hatsari za ka san inshora ba ƙanin babanka ba ne. Mun saba a gida, mota tana sauka daga Kwatano bakanike ya cire indomi ya sayar, ya ce ma injin zai fi numfashi. Shi ya sa idonmu ba ya ganin abin a matsayin matsala. Ni kaina sai da na je gida hutu, na tsaya a bayan wata tsohuwar bas a go-sulo idona yana ruwa, na ce to, mutanen nan ba hauka suke yi ba, ko da yake ni dokar ta ci.

Kar kuma ka saya da fatan za a sassauta. Da can mota in ta cika shekara 30 tana fita daga gwaji, aka soke wannan a 2004, aka tsayar da iyaka a 1975, ba ta ƙara motsi ba. A 2025 an kai ƙudirin sassautawa majalisar jiha, Jay Leno, ɗan barkwancin talabijin mai tara motoci, ma ya tsaya masa, bai wuce ba.

In ranka ya kafe a kan Corvette, nemi ta 1975 ko ƙasa da haka. Za ka biya fiye, amma za ka yi barci. In kuma wannan ɗin dai kake so, ka ce masa ku haɗu a wurin gwaji, wanda kai ka zaɓa, shi ya biya, kana tsaye. Takarda ta fito, kuɗi su fito. Kar ka je kai kaɗai, kuma kar ka je da yamma, kuma in ya ba ka kofi kar ka sha.

Ka ɗauko hoton ƙarƙashin bonet ta ɓangare biyu, da na salansa daga ƙasa, da na takardar mallaka ba tare da yatsan kowa a kai ba, ka turo mini ta akwatin sirri. Ina tashi aiki ƙarfe bakwai. Weber ukun nan ma suna nan a kwali a gareji, in akwai mai Datsun 240Z a cikinku ya yi magana, maman yara ta ba ni zuwa ƙarshen wata.